Fenti Ba Ya Rufa Asiri

Akwai wata magana da ta zauna a bakin mutane tun da injinan nan masu buga kaya suka yawaita, wai yanzu an huta, sai dai ka zana abu a kwamfuta ka danna, ka tafi ka sha shayinka, ka dawo ka tarar da shi a kammale. Duk sanda na ji wannan magana murmushi kawai nake yi, don mu da muke cin abinci da sana'ar mun san inda gizo yake saƙar. Inji yana yin nasa, ba a raina masa ba. Amma in ya yi awa shida yana aiki, ni sai in yi kwana uku ko huɗu a kan abin da ya miƙo mini kafin ya isa a ɗora shi a teburin mutum ba tare da an ji kunya ba. Waɗannan kwanaki kuwa babu mai tambayarsu. Kowa injin yake son a nuna masa.

Bari in fara gaya maka ko mene ne aikin, don kada in bar ka a baya. Samfur muke yi. Wato mutum yana da niyyar ƙera wani abu da yawa, misali murfin fitila mai caji da hasken rana, ko akwatin wata 'yar na'ura, ko mariƙin wani kayan aiki. Kafin ya kwashi dukiya ya biya a sassaƙa masa mazubin ƙarfe da za a riƙa zuba roba a ciki ana fitar da dubbai, sai ya fara yin guda ɗaya ko biyu ya riƙe a hannu, ya duba, ya gwada. In akwai gyara, gara a gan shi a nan, don gyaran mazubin ƙarfe ba ƙaramar asara ba ce.

Injin da nake magana a kai ba irin mai narkar da zaren roba ba ne. Wannan da ruwa yake aiki, wani ruwa mai ɗan kauri kamar zuma da ake kira rezin, wanda da zarar wani haske mai launin shunayya ya taɓa shi sai ya daskare ya zama roba mai tauri. Yawancin injinan da ke hannun ƙananan masu sana'a suna amfani da haske mai tsawon zango nanomita 405. Injin yana haska ruwan shafi-shafi, kowane shafi kaurinsa kan kasance milimita 0.05, wato kamar silin gashi siriri. Ka ga ke nan abu mai tsayin santimita 5 shafi dubu ne aka ɗora wani kan wani. In ka kawo shi kusa da ido, musamman wajen da ya lanƙwasa, za ka ga layukan nan kamar matattakala.

Abin ba sabo ba ne kamar yadda ake zato. Wani mutumin Japan mai suna Hideo Kodama, a birnin Nagoya, ya yi rubutu a kan dabarar tun 1981. Sannan Chuck Hull na Amurka ya buga wani ɗan ƙaramin kofi da ita a 1983, ya nemi rajistar haƙƙin ƙirƙira a 1984, aka ba shi a 1986, ya kafa kamfanin 3D Systems. Abin da yake ba ni sha'awa a labarin Hull shi ne, a lokacin yana aiki ne a wani kamfani da yake amfani da irin wannan haske wajen busar da shafen da ake yi wa saman tebura. Wato dai tun asali injin nan ɗan gidan masu fenti ne. Shekaru da yawa manyan kamfanoni kaɗai suke iya sayensa, har sai da Formlabs suka fito da nasu na kan tebur a 2012, daga baya kuma irin su Anycubic Photon a 2018 da Elegoo Mars a 2019 suka karya farashin, abin ya iso hannun irinmu.

To, sanda abu ya fito daga inji, jiƙe yake sharaf da ɗanyen rezin, ga shi kuma a tsaye kan wasu 'yan tsinkayen tokara da injin ya gina masa don kada ya faɗi. Wannan ɗanyen ruwa ba abin wasa ba ne. Ba ya ƙuna nan take, shi ya sa yara suke raina shi, amma in fata ta saba haɗuwa da shi wata rana sai jiki ya ƙi shi gaba ɗaya, ƙaiƙayi da ƙuraje su taso, kuma in hakan ta faru da wuya ta bar mutum. Na san wanda ya bar sana'ar dungurungum saboda haka. Don haka a wajena babu mai taɓa shi sai da safar hannu ta naitiril, irin shuɗiyar nan. Ana wanke abin a sifirit mai ƙarfi da ake kira aisofurofil, a bar shi ya bushe sarai, a cire tsinkayen, sannan a sa shi a akwatin haske ya ƙarasa nuna. Ko hasken rana ma yana yi, sai dai a lura, in ya daɗe yana ƙara gautsi. In kuwa abin mai rami ne a ciki, dole a bar masa 'yar huda da ruwan zai fita, in ba haka ba ɗanyen rezin ɗin da ya maƙale zai zauna shiru, bayan 'yan makonni ka ga abu ya tsage da kansa yana tsiyaya, fentinka da wahalarka duk sun tafi. Sifirit ɗin da aka yi wankin ma ba a zuba shi a kwata. A rana ake ajiye shi har rezin ɗin ciki ya daskare.

Duk wannan share fage ne. Aikin gaske yana farawa ne da samfefa.

Wanda bai taɓa yi ba gani yake gogewa ai gogewa ce, ka ɗauki samfefa ka yi ta dirza har abu ya yi sulɓi. Ina! A bayan kowace samfefa akwai lamba, kuma gwargwadon girman lambar gwargwadon laushin yashin da ke jikinta. Ni nakan fara da 320 a guraben da tsinkayen tokara suka bar tabo, in tabon ya yi tsini sosai in sauko 220, daga nan 400, sai 600, wani lokaci har 800 kafin a je ga fenti. Sirrin shi ne, kowace lamba aikinta ta share zanen da ta gabanta ta bari. In ka yi tsalle daga 220 zuwa 800 don ka gaji, to zanen 220 yana nan kwance, idonka ne kawai bai gan shi ba tukuna. Zai fito, kuma a ranar da ba ka so.

Da ruwa nake gugar, ba a bushe ba. Na ɗaya, garin rezin yana da laushi ƙwarai, yana tashi ya shiga hanci da ƙirji, ruwa kuwa yana kwantar da shi. Na biyu, ruwan yana hana samfefar toshewa. Ita ma wannan dabara tana da tarihi. Wani mai haɗa tawadar ɗab'i a Filadelfiya, Francis Okie, shi ya ƙirƙiro samfefar da ruwa ba ya lalatawa, kamfanin 3M suka saye dabarar suka fito da ita a 1921, kuma masana'antun mota ne suka fi yin maraba da ita saboda ta rage ƙurar da ma'aikata suke shaƙa. Yau shekara ɗari da 'yan kai, amma har yanzu in ka leƙa wajen masu fentin mota za ka ga bokitin ruwa da guntun baƙar samfefa a ciki. A wajensu na koyi rabin abin da na sani, ba a wajen masu kwamfuta ba.

Su ne suka nuna mini cewa yatsa maƙaryaci ne. In ka naɗe samfefa a yatsa ka goge shimfiɗaɗɗen wuri, yatsan yana da taushi, yana bin kwari da tudu, sai ya haƙa maka 'yan kwaruruka da ba za ka ji su ba. Sai dai ka naɗe ta a ɗan guntun katako mai baki ɗaya, shi ba ya lanƙwasa, tudu kaɗai yake ci. Haka kuma bakin abu, wato kaifin kusurwa. Wanda ya zana ya sa kaifin ne da gangan, amma samfefa ba ta da abin da ta fi so kamar kusurwa, shafa biyu ta cinye ta. Sai ka ga akwati ya koma kamar sabulun da aka yi mako ana wanka da shi. Akwai yaron da yake koyon aiki a wajena, hannunsa da kyau amma akwai gaggawa. Ran nan ya kawo mini wani murfi yana fara'a, ya ce, "Maigida, taɓa ka ji, kamar gilashi." Na taɓa, gaskiya kamar gilashin. Na ce masa ya ɗauko gindin akwatin ya rufe. Ya rufe, murfi ya yi ta rawa a kai, sako-sako. Ya goge har da leɓen da yake shiga cikin ɗan'uwansa. Na ce, "Ɗan samari, fuska ake gogewa. Inda abu biyu suke haɗuwa, awon mai zane ne, ba naka ba." Ratar da ake bari a irin wannan wuri sau da yawa ba ta wuce milimita 0.1 zuwa 0.2 ba, kaurin takarda ɗaya ko biyu ke nan. Minti ɗaya na gugar ganganci ya isa ya cinye ta. Sai da muka sake buga murfin.

Bayan guga sai wanki da ruwa da sabulu, a bar shi ya bushe, kuma daga nan ba a ƙara taɓa shi da hannu tsirara, don maiƙon yatsa yana hana fenti kamawa. Sai a zo ga firama, wato fentin shimfiɗa da ake fara fesawa kafin launi.

A nan nake son ka ba ni hankalinka, don a nan ne maganar take. Mutane suna ɗauka fenti tufa ne, ana sa shi don a rufe abin da ba a so a gani. A bango wataƙila haka ne. A irin aikinmu kuwa, babu abin da yake tona asiri kamar fenti. Rezin kafin a fesa masa komai yana da ɗan sheƙi, wani ma haske yana ratsa shi, sai ido ya ruɗe ya ga komai lafiya lau. Da zarar ka fesa firama ruwan toka, ta bushe ta yi dishi-dishi, sai ka ga abin mamaki. Ga layukan matattakala da ka rantse ka share. Ga ramin tsinken tokara. Ga zanen samfefar da aka yi wa tsalle. Ga 'yar kumfa da ta fashe ta bar huda kamar bakin allura. Duk suna nan, sun fito sun jeru kamar an kira sunansu. Shi ya sa aka fi son ruwan toka, don a kansa inuwa take fitowa sosai, fari yana kashe ido, baƙi kuma yana haɗiye ta.

Masu fentin mota suna da wata dabara da ta fi wannan. Bayan firama ta bushe sai su yi mata yayyafin baƙin fenti sama-sama, kamar an barbaɗa barkono, sannan su bi da samfefa a kan katako. Duk inda yake tudu baƙin zai tafi, duk inda yake kwari baƙin zai zauna yana kallonka. Babu gardama, babu "ai ni na ga ya yi". Ramin da ya yi zurfi a cike shi da ɗan foti, ko a ɗiga masa rezin a haska ya daskare, a goge, a sake fesa firama, a sake dubawa. Wani abin sau biyu ya isa, wani sai an yi sau huɗu. A wannan zagaye ne ake gane mai haƙuri, kuma a nan ne kwanakin nan da na gaya maka suke tafiya.

Sai dai fa ita ma firama tana da kauri, musamman irin mai cike zane. Shafi uku ko huɗu sun isa su toshe ramin kusa, su haɗiye ƙananan rubutun da aka zana a jikin abu, su hana murfi shiga. Don haka kafin feshi nakan bi duk wuraren haɗuwa in liƙe su da salatif ɗin takarda. Shi ma, in kana son sani, Richard Drew na 3M ne ya ƙirƙiro shi a 1925, saboda masu yi wa mota fenti kala biyu.

Yanzu ga inda abin yake zama nauyi a wuyan mutum. Samfur iri biyu ne, ko da yake masu kawo aiki ba su cika rabewa ba. Akwai na gani, wanda ake yi don a san yadda kaya zai kasance a ido da hannu. Akwai na gwaji, wanda ake yi don a san ko zai yi aiki, ko batir zai shiga, ko maƙalli zai kama. Na gwaji ba ya son fenti ko kaɗan, don fenti yana canza awo, yana kuma ɓoye farkon tsagewa. Na gani kuwa, in ka iya aikinka, babu mai bambanta shi da wanda ya fito daga masana'anta. To amma a ciki rezin ne. Rezin na gama-gari yana da gautsi, ba ya jure lanƙwasa da faɗuwa kamar robar da ake zubawa a mazubi, kuma rana tana ƙara busar da shi. Ka ga ke nan hannuna yana iya yin abin da zai sa mutum ya gaskata abin da ba haka yake ba.

Wani bawan Allah ya taɓa kawo mini aikin akwatin fitila. Mutumin kirki, mai ƙoƙari, ya daɗe yana fama da tunanin abin. Ya ce, "Malam, so nake ka yi mini shi ya fito kamar yanzu aka ɓare shi daga kwali. Akwai waɗanda za su sa kuɗi, ranar Asabar zan nuna musu." Na ce, "Ranka ya daɗe, wannan mai sauƙi ne. Amma in sun tambaya ko an fara ƙerawa, me za a ce musu?" Ya yi dariya ya ce ai ido shi ne mudu, in sun gani sun gani. Na ce masa maƙallin murfin nan siriri ne, a rezin ba zai jure buɗewa da rufewa da yawa ba, kuma ko a robar gaske ina shakkarsa. In na lulluɓe shi da fenti mai ƙyalli, su za su sa kuɗinsu a kan abin da ba a gwada ba, shi kuma zai je ya biya kuɗin mazubi a kan zanen da yake da rauni. Kowa zai yi asara, kuma da hannuna a ciki.

Bai ji daɗi ba, na ga alama a fuskarsa. Ya ce, "Malam, kai fa fenti na ce ka yi, ban ce ka yi mini wa'azi ba." Na ce haka ne, ya yi haƙuri. Abin da muka tsaya a kai shi ne zan yi masa biyu, ɗaya in gama shi tsaf da launi, in rubuta a ƙarƙashinsa cewa samfur ne na gani, ɗayan kuma in bar shi tsirara yadda ya fito, a yi ta buɗe shi ana rufewa har a ga abin da zai faru. Kuɗin na biyun ma rabi na karɓa. Bayan kamar kwana goma ya dawo da tsiraran a leda, maƙallin ya karye daga gindi, ya zagaye wurin da fensir. Muka ƙara masa kauri, muka zagaye kusurwar da tsagewar ta fara, muka sake bugawa. Sai a karo na uku ya zauna daram.

Shi launi kansa, in shimfiɗa ta yi kyau, ba ya ba da wahala. Gwangwanin feshi, wanda Edward Seymour ya fara sa fenti a ciki a 1949 a Amurka, a girgiza shi sosai kamar minti biyu, a riƙe shi nesa da abu kamar taƙi ɗaya, a fara fesawa a gefe kafin a ratsa kan abin, a wuce kafin a saki. Shafi siriri sau uku ya fi mai kauri sau ɗaya. In ka matso da yawa fenti ya yi hawaye, in ka yi nisa ya bushe a iska ya sauka da kaushi. Kada a haɗa fenti iri biyu da ba a san jituwarsu ba, don tinar wani tana tayar da wani ya yamutse, shi ya sa nake ajiye ɓatattun bugu a kwali don gwaji. Kuma a yi feshi inda iska take wucewa, da takunkumi na gaske mai matatar tururi, ba ƙyallen da ake ɗaurawa a hanci ba. Mai kawo aiki in ya ce baƙi mai ƙyalli yake so, nakan ƙara masa kuɗi da kwana, don babu launin da yake nuna aibu kamarsa. Mara ƙyalli ya fi yafiya.

Abin da takardar jikin gwangwani ba za ta gaya maka ba shi ne yanayin garinmu. Da hunturu ƙura ce abokiyar gaba, ka fesa abu ya yi kyau, ka juya baya, ka dawo ka tarar hazo ya yi masa barbaɗe. Nakan yayyafa ruwa a ƙasa tukuna, in fesa, in kife babban kwali a kai nan da nan. Da bazara zafi yana busar da fenti tun bai sauka ba, sai dai a yi da sassafe. Da damina kuma danshi yana sa ƙyalli ya yi fari-fari kamar an huci madubi, gara a jira rana ta ɗaga. Sannan bushewar sama daban, nunar ciki daban. Fenti yana iya jin bushe a yatsa bayan rabin awa, amma in ka naɗe shi a leda a ranar, gobe za ka ga zanen ledar a jikinsa. Nakan bar shi kwana biyu a kan shiryayye, sannan in naɗe shi a tsohon farin ƙyalle mai laushi, in sa a kwali tare da tsiraran ɗan'uwansa da 'yar takarda mai ɗauke da ranar bugu, da irin rezin ɗin, da wuraren da ban taɓa da samfefa ba.